Ranar da Inna Ta Zaga Diffa a Keke Marar Ƙara

Shekara bakwai Inna ta yi a gidana a Diffa, kuma in aka cire asibiti, ba zan iya nuna wani wuri a garin in ce ƙafarta ta taka ba. Daga ɗaki sai gindin darbejiyar tsakar gida, daga nan kuma sai ɗaki.

Da ba haka mahaifiyata take ba. A ƙauyenmu, gabas da Diffa a bakin kogin Komadugu, da noman tattasai aka san ta. Bayan rasuwar mahaifinmu ita ta riƙe gonar, ita ke tsayawa a kan ban ruwa, ita ke ciniki da masu saye. Ranar da mutanen daji suka shigo ƙauyen da bindigogi, da sassafe ne, tana gona. Ta ce abin da ta fara ji rugugin babura ne masu yawa, sai ta kwanta a cikin hanyar ruwa tsakanin shuka, ba ta ɗaga kai ba har rana ta take. A gidanmu ba a rasa kowa ba, amma an rasa a wasu gidajen. Da ƙafa suka fito bakin kwalta ita da sauran mutane, can na je na ɗauko ta.

Tun daga nan ƙarar inji ta zame mata ciwo. Dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur a yankinmu, amma sai kekuna masu ƙafa uku suka cika gari, kuma kukansu bai da maraba da na babur. Ko injin niƙan unguwa aka tayar, sai ka ga ta tattara tabarmarta ta shige ɗaki. Ranar asibiti kuwa da ƙafa muke zuwa ta lunguna, tana toshe kunne ɗaya da bakin lafayarta. Na yi lallashi, mijina ya yi, daga baya muka ƙyale ta.

Ina da ƙane da ya yi arewa tun kafin rikicin, yana aiki a gonakin kayan lambu a ƙasar Sifaniya. Yakan kira mu ranar Lahadi. Wata Lahadi a farkon sanyi ya kira da hoto mai motsi, na ga ba a ɗakinsa yake ba. Ya ce sun samu hutu shi da abokan aikinsa, sun tafi wani tsohon birni, Ƙurɗuba, wanda malamai ke ambata in suna labarin Andalus. Na miƙa wa Inna talho, na zauna kusa da ita.

Yana zaune a bayan wani keke mai ƙafa uku, fari tas, wata mata tana tuƙi tana ta bayani da harshensu. Ya juya talhon muka ga lunguna matsattsu, bango fari, an rataye tukwanen furanni a jikinsa. Suka wuce wani ƙaton gini na dutse da ya ce tsohon masallaci ne, da itatuwan lemo a farfajiyarsa.

"Ina za ta kai ka?" Inna ta tambaye shi da Barbarci, don da shi muke magana a gida.

"Ba ko'ina, Inna. Zagayawa kawai ake yi da mutum."

"To me ka je saye?"

"Babu. Kallo ne."

Ta dube ni ta yi dariya, ta ce lallai mutanen can sun ƙoshi. Da suka iso wata doguwar gada a kan kogi, sai ta matso da fuskarta. Ta tambaye shi me ake shukawa a bakin ruwan. Ya ce bai lura ba. Ta ce ɗan manomi ya tsaya a kan kogi bai dubi gaɓa ba, to me ya je kallo?

Can ta kasa kunne.

"Ta kashe abin ne?"

"Tafiya muke yi, Inna."

"To ina ƙararsa? Ina jin takun mutane a bayanka."

Ya ce ba ya shan mai, da batir yake aiki kamar talhon da ke hannunta, a sa masa kuran, wato wutar lantarki, ya cika, ya yini yana yawo. Suka yi sallama, ta sa masa albarka kamar kullum.

Bayan kwana uku na dawo daga lakwal, inda nake koyarwa, na same ta tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Irin abin nan da ƙanenki ya hau, babu shi a nan?"

Na ce ban sani ba, amma zan tambaya.

"Ki tambaya. Na tsufa a garin mutane ban san gabas da yammansa ba."

Wani mushe, malamin da muke koyarwa tare, ya ce ya taɓa hawa irinsa, akwai mutum ɗaya da ke da shi a wajen tasha. Na nemi mai keken na same shi. Dattijo ne mai furfura a gemu, ɗan gudun hijira daga ƙetaren kogi. A garinsu gyaran injin ban ruwa yake yi. Wani ɗan'uwansa ne ya aiko masa da keken daga Maiduguri, yana cika batirin da faifan hasken rana da ya ɗora a kan rufin ɗakinsa. Na ce ina son ya zaga gari da mahaifiyata ranar Asabar, a hankali, ba tare da an nufi wani wuri ba. Ya ce tun da ya fara sana'ar ba wanda ya taɓa ɗaukarsa irin wannan aiki. Da na gaya masa dalili sai ya gyaɗa kai.

"Madam, ba ita kaɗai ba ce. Akwai tsofaffi uku da ba sa hawa na kowa sai nawa. Zan zo da wuri kafin hanya ta cika."

Ranar Asabar tun da ta idar da sallar asuba Inna ta kunna turaren wuta, ta turara lafayarta mai ruwan goro wadda rabona da ganinta a jikinta tun muna ƙauye. Keken ya iso ƙofar gida ba mu ji isowarsa ba, sai sallamar mai shi muka ji. Nasa ba fari ba ne, kore ne, kuma rana ta riga ta ci fentin. Inna ta zagaya shi sau ɗaya, ta dafa rufin, ta leƙa ƙarƙashin kujera.

"Tayar da shi in ji," in ji ta da Hausarta ta kasuwa.

"A tashe yake, Hajiya."

Ta yi bisimilla ta shiga. Na shiga kusa da ita, ta kama wuyan hannuna.

Ta lunguna ya fara bi da mu. Ba abin da ake ji sai tayoyi a kan yashi da wani ɗan zuuu kamar na ƙudan zuma. Muna jin mata suna shara, muna jin mai ƙosai tana kiran wata. Da muka hau kwalta wani keken mai shan mai ya zo ya wuce mu da ƙararsa, na ji yatsunta sun nutse a hannuna. Na ce ko mu koma. Ta bi shi da ido har ya yi nisa.

"Wannan wucewa yake yi," ta ce. "Mu je."

Ni na riga na tsara abin da zan nuna mata, irin tsarin malaman makaranta. Na nuna mata ofishin gwamna, ta ce to. Na nuna mata babban masallaci, ta ce Allah ya saka wa waɗanda suka gina. Jami'a kuwa ta tambaya ko a nan ake koyar da likitoci, na ce ban tabbata ba, ta ce to. Na fara jin kamar na ɓata mata safiya.

Sai da muka gangara tsohuwar unguwa, wajen da gidaje suka fi tsufa, ta taɓa kafaɗar direba ta ce ya tsaya. Ba komai a wurin sai shagon mai walda da ba a buɗe ba tukuna. Ta daɗe tana dube-dube.

"A nan akwai tsamiya, babba. Ga rijiya a gefenta."

Na ce, "Inna, kin taɓa zuwa nan ne?"

Ashe ta taɓa zuwa, sau ɗaya, tana amarya. Ita da mahaifinmu suka zo a kan takarkari, suka kawo alkama da busasshen kifi. Ta ce a lokacin mutum zai tsaya a gindin tsamiyar nan ya ga ƙarshen gari ta kowane gefe. A nan suka sauke kaya, a nan suka ci abinci, mahaifinmu ya saya mata madubi ɗan ƙarami. Ban taɓa jin wannan labari ba, kuma ni ce babbar ƴarta.

Direba ya juyo gaba ɗaya a kan kujerarsa. "Alkama, Hajiya? Ba tattasai ba?"

"Tattasai na baya-bayan nan ne. Da alkama muke yi, da jigo muke ɗebo ruwa, guga-guga, tun safe har kafaɗa ta mutu. Ku da kuka tashi da inji ba ku san ban ruwa ba."

Daga nan ita ta karɓe jagorancin. Ta ce a bi nan, a juya can. Ta nuna inda ruwa ke kwanciya in kogi ya cika, yanzu duk gidaje ne. Ta nuna inda masu raƙuma ke sauka. Wani wurin takan yi shakka, ta ce a'a, ba nan ba ne, an canza shi da yawa. Direba yana ta tambaya, tana amsawa rabi da Hausa rabi da Barbarci, shi ma yana jin duka biyun. Ban san lokacin da ta sake mini hannu ba.

Ƙamshi ne ya kai mu kasuwar tattasai. Tun daga nesa ta ɗaga hanci ta ce, "Sabo ya fara shigowa." Ni da direba muna ta atishawa, ita ko a jikinta. Ta sauka ta nufi buhunan da aka jera, ta zura hannu cikin wani da ke buɗe, ta ɗauko ɗaya ta karya, ta sansana.

"An yi gaggawar ɗaure wannan. Bai gama bushewa ba, zai yi baƙi a ciki."

Mai kayan ya fara musu, sai ya karya wani da kansa ya duba, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke ƴar ina ce?"

Ta faɗi sunan ƙauyenmu. Wani tsoho da ke zaune a inuwa yana ɗinke bakin buhu da basilla ya ɗago kai. Ya ajiye basillar, ya taso a hankali, ya kira ta da sunan da rabon da in ji wani ya kira ta da shi tun rasuwar mahaifinmu. Mutumin ƙauyenmu ne, gidansu na bayan masallaci. Suka daɗe suna gaisawa da Barbarci, wushe, wushe, kowa yana tambayar mutanen kowa. A cikin tambayar ne Inna ta ambaci aminiyarta, wadda gonarsu ke iyaka da tamu, suka yi shekara da shekaru suna ban ruwa daga hanya ɗaya. Ta ce ta ji an kai su sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage, daga baya kuma wani ya ce ta rasu.

"Wa ya rasu?" in ji tsohon. "Mijinta ne ya rasu. Ita tana nan bakin kogi, ɗanta ya samu aron gona. Jiya ma na ɗinke musu buhu."

Inna ta nemi wuri ta zauna a kan wani buhu. Ta tambaye shi nisan wurin. Ya ce mai ƙafa ma yana zuwa ya dawo kafin azahar.

Na dubi direba. Ya duba allon da ke gabansa ya ce batir zai kai mu ya dawo da mu, in dai an bari mu wuce. A lokacin an ɗan sassauta, manoma na zuwa gonakin kusa da gari da rana, amma akwai shingen sojoji a hanya. Gaskiya na ji tsoro, don ni kaina na daɗe ban je bakin ruwa ba. Inna kuwa har ta koma cikin keke ta zauna.

A shingen wani soja ya karɓi katunanmu ya duba, ya leƙo ya gaida Inna, ya tambayi inda za mu. Na ce gaisuwa za mu kai gona. Ya ce mu tabbata mun fito kafin la'asar. Bayan shingen hanyar ta zama yashi, keken ya yi ta ƙoƙari har ya kai inda ba zai iya ba. Muka sauka mu uku muka ci gaba da ƙafa.

Ba mu yi nisa ba na ji abin da na manta da shi sam. Injinan ban ruwa ne ke ta ruri a gaɓa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Inna ta tsaya cik. Na matsa kusa da ita ina shirin cewa mu juya. Ta ɗaga mini hannu, ta karkata kai tana saurare.

"Na kusa da mu ɗin nan yana shan iska," ta ce. "Ji yadda yake sarƙewa."

Direba ya saurara shi ma. "Gaskiyarki, Hajiya. Tiyon ne ya tsage ta wajen ruwa."

Ta gyara lafayarta ta wuce gaba, muka bi ta a baya.

Gonar ba ta da girma. Tattasai ya fara ja, an shanya na farko a kan yashi a gefe. Mata huɗu ne a duƙe suna tsinka, ɗaya daga cikinsu tsohuwa ce siririya da ɗankwali baƙi. Inna ba ta yi sallama da ƙarfi ba, ta tsaya a bakin fangalin shuka kawai. Tsohuwar ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta kare ido da hannu. Sun ɗauki lokaci a haka kafin ɗaya ta motsa. Da suka haɗu ba ihu, ba komai. Suka riƙe hannun juna suka zauna a ƙasa, suna gaisawa kamar waɗanda suka rabu jiya, hawaye na zuba suna sharewa da bakin mayafi, gaisuwar ba ta tsaya ba.

Na ba su wuri. Direba ya naɗe hannun riga ya tafi wajen injin nan, shi da ɗan tsohuwar suka duƙufa a kai. Ni na gangara na zauna a gaɓa. Kogin a cike yake, ruwan ya yi launin shayi da madara, yana tafiya ba gaggawa. Ga Najeriya can a ɗaya gaɓar, kusa har ana ganin itatuwanta ɗaya-ɗaya, ba kowa a wurin sai balbelu. A wannan ruwan na koyi iyo, a can gabas, kuma na yi shekaru ina zaune kusa da shi ban zo na gan shi ba.

Da na dawo na tarar suna lissafa mutanen ƙauye gida-gida, wane yana Maine-Soroa, wance ta bi ɗanta Zinder, wane Allah ya yi masa rasuwa. Inna ta tambayi gonarta. Aminiyar ta ce ɗanta ya taɓa leƙawa, ƙaya ta cinye ta, hanyar ruwan ma ta cike. Inna ta gyaɗa kai, ta ce, "Ƙasar tana nan dai." Daga nan ta tashi ta ɗaure lafayar a ƙugu, ta karɓi kwando ta shiga cikin shuka. Na ce za ta ɓata kayanta. Ta ce akwai sabulu a gida.

Ta fi awa guda tana tsinka. Surukar aminiyar ta dafa shinkafa da kifin da aka kamo da safe, muka ci a inuwar rumfar zana, har da direba, wanda hannunsa ya yi baƙi da mai amma injin ya daina sarƙewa. Kafin mu tashi Inna ta gangara ruwa ta wanke fuska da ƙafafu, ta yi alwala, suka yi azahar tare a kan yashi. Mun wuce shingen sojoji da sauran lokaci. A hanyar gida ta jingina da kafaɗata ta yi barci, da ƙullin jan tattasai a cinyarta.

Ba zan ce ta warke a ranar ba. Akwai ranakun da har yanzu wata ƙara kan sa ta yi tsit, sai ta ɗan jima kafin ta dawo cikin hira. Amma duk Asabar har aka gama tsinkar shekarar, dattijon nan yakan zo ya kai ta gona, tun ina raka ta har ta ce in zauna in yi aikin gabana. Da shekara ta zagayo, ɗan aminiyarta ya yanka mata fangali shida a gefen nasu. Ta yi ta mita cewa ƙasar ba ta kai ta ƙauyenmu ba, yashi ya yi mata yawa, amma ko sau ɗaya ba ta bar ranar ban ruwanta ta wuce ba.

Abin da ta samu bai cika buhu ba. A tsakar gidana ta ƙarasa shanya shi, muka yi mako guda kowa na atishawa, mijina har ya koma cin abincinsa a zaure. Ta daka shi da kanta, ta haɗa yaji, ta ƙulla a ƙananan leda. Wata safiya ta zuba ƙullin a kwano ta ce za ta kai wa maƙwabta. Na ce ta bari in na dawo daga aiki in kai. Ta ce ba ni na noma ba.

Na dawo da azahar ban same ta a gida ba. Na leƙa gida na farko aka ce ta wuce, na biyu ma haka. A gida na huɗu na same ta, gidan wasu Fulani da suka zo daga wajen Foulatari. Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, an ajiye mata nono a ƙwarya, ita da uwar gidan suna gardama a kan ko ana sa kanwa a miyar kifi, kowacce da irin tata Hausar. Ta ɗago ta gan ni a bakin ƙofa, ta ce in je in ɗora tukunya, tana nan tafe.